Wane bitamin B1 ya dace da mai ciwon ƙanƙancewar hanta?

Jiki ba ya ajiye tayamin, wato bitamin B1, da yawa: kimanin miligiram 30 ne, kuma yakan ƙare cikin mako 2 zuwa 3 idan abinci ya yi ƙaranci. Wanda hantarsa ta ƙanƙance, ko hepatitis B ce sila ko giya, ya fi saurin rasa shi. Ba ya cin abinci sosai, hantar ba ta riƙe bitamin ɗin, ga furosemide, maganin sa fitsari da ake ba shi saboda ruwan ciki yana ƙara fitar da shi ta fitsari.

A kemis, ƙwayar da ya kamata a nema ita ce B1 zalla, mai rubutun thiamine hydrochloride, miligiram 50 ko 100. Likitoci kan rubuta miligiram 100 a rana. Idan ƙarancin ya yi tsanani, 200 zuwa 300, a raba sau 2 ko 3, domin hanji ba ya iya tsotse mai yawa lokaci guda. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

B-complex ɗin nan mai araha, B1 da ke cikinsa 'yan miligiram ne kawai, ba zai cike giɓi ba. Haɗin B1, B6 da B12 da ake saye don ciwon jijiya kuwa, wasu na ɗauke da B6 har miligiram 200, kuma shan sa wata da watanni kan lalata jijiyoyin ƙafa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne maganin ƙarin jini da bitamin mai haɗe-haɗe: sinadarin ƙarfe da bitamin A suna taruwa a hanta, su ƙara mata rauni. Ƙwayar da ake narkarwa a ruwa tana tafarfasa ma a bar ta, gishirin sodiyam ɗinta na ƙara kumburi.

Allurar B1 ba ta gida ba ce. Mai wannan ciwo jininsa ba ya daskarewa da wuri, don haka allurar tsoka na iya tara jini. Idan ya fara ruɗewa, yana tangaɗi, ko idanunsa na rawa, kada a tsaya neman ƙwaya. Yana iya zama cutar Wernicke, wato ciwon ƙwaƙwalwa da ƙarancin B1 ke kawowa, wadda ke kama da ruɗewar da hanta ke jawowa. A kai shi asibiti nan take, a ba shi tayamin ta jijiyar jini kafin ko tare da ƙarin ruwa mai sukari, a kuma auna sinadarin magnesiyam na jininsa, domin idan ya yi ƙasa B1 ba ya aiki.