A duba wuyan kowa, ko a zaɓa?

Kitsen da ke toshe jijiyoyin zuciya yakan taru har a manyan jijiyoyi biyu na wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, kuma daga nan shanyewar ɓarin jiki kan taso. Shi ya sa kafin tiyatar buɗe wa jini sabuwar hanya a zuciya ake tambayar wa za a duba wa wuya.

Wasu likitoci kan ce kowa. Na'urar irin wadda ake duba masu juna biyu da ita ce, ba allura, ba zafi. Sai dai tana yawan gano ƙuncin jijiya da bai taɓa damun mai shi ba, ganinsa kuma kan jawo aikin tiyata a jijiyar wuya, wanda shi kansa yana iya haddasa shanyewar da ake gudu.

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, a 2017, zaɓe ta fifita. Wanda ya sami shanyewa, ko ta ɗan lokaci ce, cikin wata 6 da suka wuce, a duba shi. Mai shekara 70 ko fiye, mai toshewar jijiyar ƙafa, da wanda likita ya ji ƙarar gudun jini a jijiyar wuyansa, ana iya duba su.

Ni dai zaɓen ya fi kwanta mini, muddin likita zai zauna ya tambayi majiyyaci ko bakinsa ya taɓa karkacewa ko hannunsa ya taɓa mutuwa.