Fis ko bireka: me za ka sa wa na'urar SPD a akwatin wutar gidanka?

Daga Gadarif zuwa Mai Wurno, da damina ta kankama tsawa kan bi wayoyin da ke kan falwaya ta ƙone firji da talabijin. Shi ya sa magidanta suka soma sayen SPD, na'urar da ke kwashe hauhawar wuta ta ɗan ƙiftawar ido ta zuba ta ƙasa. Abin da mai shago ba ya faɗa shi ne ita ma tana buƙatar mai kare ta. Abin da ke cikinta yana gajiya da kowane bugu. In a hankali ya lalace, akwai ɗan makatsi na zafi a ciki da zai cire shi, 'yar tagar alama da ke gaban na'urar ta koma ja daga kore. In kuwa farat ɗaya ya mutu ya haɗe waya mai wuta da ta ƙasa, wannan makatsin ba lallai ya iya ba, sai fis ko bireka, in ba haka ba akwatin ya kama da wuta.

Kafin ka biya kuɗi, duba takardar na'urar. Ga gida mai wutar 230V, nemi Type 2 mai alamar IEC 61643-11, Uc (iyakar volt da take jurewa kullum) 275V, In (girman bugun da take iya kwashewa) 20kA. Sannan nemi layin da ya faɗi fis mafi girma da za a iya sa mata. A yawancinsu 125A ne, nau'in gG, wato fis na aikin gama-gari. Wadda ba ta da wannan bayani, ajiye ta.

Hanya mafi arha ita ce dogaro da babban fis na wajen mita. In bai wuce adadin da takardar ta faɗa ba, ya halatta. Amma ranar da SPD ta mutu gidan duka zai shiga duhu. Kuma a kula: babban makunnin da ke cikin akwati sau da yawa makunni ne kawai, ba ya faɗuwa da kansa, don haka ba kariya ba ne.

Mu abin da muke zaɓa wa gida shi ne bireka tata ita kaɗai, galibi 32A nau'in C mai ƙarfin yanke 6kA ko 10kA, sai dai in kamfanin ya faɗi wani adadi. Tana ba ka damar kashe layin ka canja harsashin SPD da ya mutu, wato ɓangarenta da ake zarewa, gida na da wuta. A nan ake yawan kuskure: mai gyara ya ɗauko 6A ko 10A da ta rage masa, wai ai SPD ba ta jan wuta. Gaskiya ba ta ja, amma bugun tsawa ta cikin birekar yake wucewa. Ƙaramar bireka za ta faɗi a bugun farko, fitilu na ci, ba wanda ya lura, na biyu kuma ya tarar da gida a buɗe. RCBO mai 30mA, wato birekar da ke faɗuwa har in wuta ta yi yoyo zuwa ƙasa, ma haka take yi.

Fis na gG ya fi saurin yanke babbar wuta, ya dace da shago ko injin niƙa da ke kusa da taransifoma. Wahalarsa neman irinsa in ya ƙone. Akwai kuma SPD mai fis a cikinta. Da tsada, amma tana rage waya.

Tsawon waya ba ƙaramin abu ba ne. Daga bireka zuwa SPD zuwa sandar wayoyin ƙasa, jimilla kada ta wuce rabin mita, don kowace mita tana iya ƙara kusan volt 1000 a kan abin da zai isa ga kayanka. Wayar ƙasa ta zama tagulla 6mm², masu wuta kada su gaza 2.5mm². In ƙarfen da ka kafa a ƙasa ne kaɗai madogarar wayarka ta ƙasa, sayi SPD nau'in 1+1, a ɗaura ta kafin RCD, wato makunnin da ke yanke wuta in ta yi yoyo zuwa ƙasa.

Kada ka sa rai SPD za ta tare wutar da ta hau ta zauna, kamar in nutural ya tsinke ko janareta ya haukace. Wannan aikin rile ne mai yanke wuta in ta wuce kima. Layin sola kuma SPD ta DC da fis na gPV yake so.