Ukulele baritan a hannun mai kaɗa jita

Duk mai kaɗa jita da ya ɗauki ukulele baritan, wato babba a cikin nau'o'in ukulele, ƙaramin kayan kiɗan nan mai siffar jita, zai iya fitar da waƙa a zaman farko, kuma wannan shi ne abin da masu tallarta suka fi faɗa. Gaskiya ne. Tsirkiyoyinta huɗu ana saita su D, G, B, E, daidai da sirara huɗu na jita, an dai cire masu kauri biyun nan, E da A. Na daɗe ina kaɗa jita mai tsirkiyar ƙarfe kafin in sayi tawa, kuma na yi amfani da ita har tsirkiyoyin da ta zo da su suka gaji na canza. Abin da na gani shi ne hannun hagu yana ƙaura da kayansa gaba ɗaya, amma hannun dama da kunne sai sun koma makaranta.

Wadda na saya ta masu matsakaicin ƙarfi ce, jikinta katakon mahogani ne mai falle-falle da aka manne, ba koa ba, itacen Hawai da ake yin masu daraja da shi. Tsawon tsirkiya daga sama zuwa jaki, wato ɗan abin da tsirkiyoyin ke hawa a kan ciki, wajen santimita 50 ne, alhali na jita yana kai 65. Wannan bambanci yatsu suna jin sa nan take. Firet, layukan ƙarfen da ke kwance a kan wuya, sun matso kusa da juna, don haka miƙa ƙaramin yatsa da ke ba ni wuya a jita ya zama wasa. A ɗaya ɓangaren kuma tsakanin tsirkiya da tsirkiya akwai fili fiye da na jitata, saboda huɗu ne kawai suke raba faɗin wuyan. Mai kaurin yatsu zai ji daɗin wannan.

Kod ɗin da mutum ya sani, wato haɗin sautukan da ake dannewa a kaɗa tare, suna nan, sun rage nauyi. D bai canza ko kaɗan ba. G ya koma yatsa ɗaya a firet na uku na tsirkiyar ƙasa. E ƙarami, wato E minor a Turance, shi ma yatsa ɗaya. F, wanda ya sa mutane da yawa suka ajiye jita saboda sai an shimfiɗa manuniya a kan tsirkiya shida, a nan tsirkiya biyu kawai za ka danne da ita, sauran yatsu biyu su kama nasu. Ga laushin nailan, ba ya cin yatsa.

Inda aikin yake shi ne babban yatsan dama. A jita shi ne ke riƙe da gindin waƙa, yana kai da komowa tsakanin tsirkiyoyi masu kauri yayin da sauran yatsu ke tsinkar na ƙasa. Da na kama baritan sai ya riƙa sauka inda ya saba, ya tarar da iska. Kamar mai hawa matakala cikin duhu ne, ya ɗaga ƙafa yana zaton saura ɗaya ashe ya iso. Sautin da ya fi kowane kauri a baritan shi ne D, kusan oktaf guda, wato tazarar matakan sauti takwas, sama da E mai kauri ta jita, kuma wannan rashin yana sauya yadda kod ke fita ko da siffar yatsun ɗaya ce. Ɗauki C. A jita, yatsa na uku yana kan tsirkiya ta biyar, kuma shi ke ba da sautin C ɗin kansa a ƙasan komai. A baritan babu tsirkiya ta biyar, saboda haka abin da ke ƙasa shi ne E. Kod ɗin daidai ne, babu kuskure a cikinsa, amma bai zauna daram ba, yana nan kamar yana jiran a ƙarasa magana. Haka A ƙarami yake. Waƙoƙin da na gina su a kan saukowar bes, wato sauti mai kauri na gindin waƙa, daga C zuwa B zuwa A sai da na sake musu tsari gaba ɗaya, wasu na mayar da su D ko G inda buɗaɗɗun tsirkiyoyi ke ba da gindi, wasu kuma na haƙura na bar wa jita kayanta.

Ban ɗauki wannan a matsayin aibin kayan ba. Shi ne ma abin da ya fi amfanata. Da tsirkiya huɗu dole mutum ya san wane sauti ne ke cikin kowane kod, wanne za a iya yarwa, wanne in aka taɓa shi kod ɗin ya mutu. Siffofin da na haddace shekaru ban taɓa tambayar abin da ke cikinsu ba, baritan ta tilasta min buɗe su. Na fara hawa saman wuya ina neman C ɗin da tushensa ke ƙasa, na same shi a firet na goma, kuma da na koma jita sai na ga ina amfani da wuraren da da can ko kallo ba su ishe ni ba.

Kaɗin kansa ma daban ne. Ɗan robar kaɗi mai tauri da ya dace da ƙarfe, a kan nailan ƙwas-ƙwas yake yi, ƙarar bugun ta fi sautin. Da bayan farcen manuniya ake sauka, a taso da naman yatsa, kuma wurin da ya fi zaƙi yana wajen da wuya ya haɗu da jiki, sama da ramin sauti. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa. Wanda ya zo da ƙarfin dantse irin na jita zai ji kayan na kuka a hannunsa. Amonta kuma ba ya daɗewa kamar na ƙarfe, yana tashi ya faɗi da wuri, shi ya sa waƙa mai jan rai take buƙatar a cika ta da tsinke-tsinke.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. Ukulele ta samo asali ne a Hawai, daga ƙananan kayan kiɗan da 'yan Fotugal na tsibirin Madeira suka zo da su a 1879, kuma ƙananan nau'o'inta uku, sofrano da konsat da tena, ana saita su G, C, E, A. Baritan ta zo daga baya, wajen shekarun 1940, da nata saitin. Yawancin darussa da jadawalin kod da ke intanet na waɗancan ukun ne. Siffar da kai mai baritan kake kira G, masu ƙananan C suke ce mata, wadda kake kira D kuma G ce a wurinsu. In ka zauna cikin masu ƙananan ka bi yatsunsu da ido, za ka fita daga waƙar. Ko dai ka bi sunan kod ɗin ka kama shi yadda ka sani a jita, ko ka ɗaura kafo, ɗan matsin da ke danne dukkan tsirkiyoyi lokaci ɗaya, a firet na biyar, sai saitinka ya zama irin nasu. Ko da hakan ba za ka samu ainihin wannan ƙyalƙyalin sautin ba, domin a yawancin ƙananan tsirkiyar G siririya ce mai tsini, taka kuwa mai kauri ce. Wanda ke son amon da aka san ukulele da shi, tena ya kamata ya nema, ya yarda ya koyi sababbin sunaye.

Game da ƙirar wadda ke hannuna, kunnuwan saiti masu haƙoran ƙarfe ne irin na jita kuma suna riƙewa da kyau. Sababbin tsirkiyoyin nailan suna ta miƙewa a kwanakin farko, ka saita yanzu, kafin ka gama waƙa sun sauka. Wannan halin nailan ne, yana wucewa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne bakin wasu firet da suka fito suna kartar gefen yatsa, da tsirkiyoyin da suka yi tsayi a wajen kai, har kod ɗin firet na farko ke ɗan haura sauti in an danne. Mai gyara ya goge bakin firet ɗin ya rage tsayin, kayan suka zama wani abu daban. Ba ta zo da maɓallin rataya ba, kuma baritan ta yi girman da riƙe ta a tsaye da dantse kaɗai yana hana hannun dama sakewa, don haka na sa an ɗaura mata. Tsirkiyoyi biyu masu kauri, D da G, naɗaɗɗu ne da siririn ƙarfe, kuma G ɗin ta riga sauran lalacewa, naɗin ya fara warwarewa daidai kan firet na biyu.

Komawa jita bayan an daɗe a baritan yana da nasa ɗan wahala. Wuyan sai ya yi maka tsawo, kantar da ke bakin yatsu ta yi laushi, ƙarfe ya sake ciwo. Abin da ya yi min magani shi ne kada in bar ɗaya ta kwana da yawa, kuma in ware wa kowace waƙoƙinta, ta yadda da zarar na rungumi kayan hannu ya san inda yake.

Ina ba da shawarar baritan ga mai jita da ke son abin da zai raka murya a hankali, da wanda ciwon gaɓoɓin yatsu ya fara hana shi danne ƙarfe, da yaron da jita ta fi ƙarfin hannunsa amma can ake so ya dosa, tunda duk siffar da ya koya a nan zai tarar da ita a can. Wanda kiɗansa ya dogara da bes ɗin babban yatsa kuwa, ya gwada ta a hannu tukuna, ya kaɗa waƙar da ya fi so a C, ya ji ko zai iya zama da abin da ya rage.