Shekara biyu da miƙa ɗakunana na Gwallameji ga masu kula da haya

Ɗakuna takwas gare ni a Gwallameji cikin garin Bauchi, kusa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, duk 'yan makaranta ne a ciki. Da bashin banki na kammala rufi da filasta a ƙarshen 2023, lokacin ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kashi 18.75. A ƙarshen Nuwamban 2024 ya kai 27.5. Takardar da na sa wa hannu ta ba banki damar ƙarin ruwa, ni kuwa ban karanta wannan layin da idon basira ba. Yayana ya sha ce min in tafi bankin Musulunci na Jaiz, a sayo min kayan gini a ɗora riba ƙayyadadda tun farko. Na yi kunnen ƙashi. Lamunin gidaje na ma'aikata mai kashi 6 kuwa na gidan da za ka zauna ne, ba na haya ba.

Da abin ya fara shaƙe ni na miƙa gidan ga wani ofishin dillancin gidaje, a kan kashi 10 na kuɗin haya.

Wajen karɓar kuɗi ba ni da abin cewa. Matsalata ita ce ɗalibi sau ɗaya yake biya a shekara, banki kuma kowane wata yake cirewa, ko makaranta na yajin aiki. Manajan ofishin, wani dattijo mai tsohon littafin rasit ɗaure da roba, ya zauna da ni ya raba kuɗin shekara gida goma sha biyu a bayan ambulan. "Alhaji, wannan ba naka ba ne, na banki ne, kada ka taɓa." Ya sa na buɗe asusu daban. Tun ranar ban ƙara tsallake wata ba. Yaron da da zai yi min rantsuwa babansa bai turo ba, su ba ya musu wannan wasan.

Gyara ne inda suka gaza. Injin rijiyar burtsatse ya ƙone cikin zafin Afrilu, sai da yara suka kwana tara suna sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa kafin a sanar da ni, shi ma wata ɗaliba ce ta nemo lambata. Kuɗin gyaran da suka rubuto ya fi na mai gyaran unguwarmu da dubu ashirin.

Kuma kullum shawararsu a ƙara haya, to kasonsu ne ke ƙaruwa. Na yarda sau ɗaya, ɗaki biyu suka yi wata huɗu a kulle.

Na sabunta da su bana, amma karɓar haya kawai. Gyara ni da ƙanena muke leƙawa duk ranar Asabar.