Tsanin da aka hana ƙaramin yaro hawa da gangan

'Yan'uwana na Agege, ina rubuto muku daga Kolon ta ƙasar Jamus, kuma har yanzu zuciyata ba ta gama hucewa ba daga faɗan da wata tsohuwa ta yi mini a filin wasan yara na unguwarmu. Laifina shi ne 'yata mai shekara uku ta nace sai ta hau wata doguwar hasumiyar igiya inda manyan yara ke wasa, ƙafarta kuwa ba ta kai matakalar farko ba, sai na ɗaga ta na ɗora. Matar nan, wadda ba ta san ni ba, ta taso daga benci ta ce mini a gaban jama'a duk abin da yaro bai iya hawa da kansa ba bai isa hawansa ba, wanda kuma aka ɗora bai san hanyar sauka ba. Ko gaisuwa ba ta yi ba, kuma wannan hali na mutanen nan Jamus na tsoma baki babu sallama ban saba da shi ba har yau.

Daga baya wani maƙwabci ya fahimtar da ni cewa tsayin matakalar nan da gangan aka yi shi. Ƙa'idar Turai ta kayan wasan yara, mai lamba EN 1176, ta bambanta kayan da ƙaramin yaro zai iya kaiwa cikin sauƙi da waɗanda ba zai iya ba, saboda haka nisanta matakalar farko daga ƙasa shi ne mai gadin da ke tace yara gwargwadon ƙarfinsu. Ƙanana suna da nasu ɓangaren mai ramin yashi, da gajeren abin zamiya, da lilo mai kujera kewayayya. Manya kuwa ana barinsu su hau sama su ji tsoro kaɗan, amma ba a yarda tsayin da yaro zai iya faɗowa ya wuce mita 3 ba, kuma da zarar ya haura santimita 60 ba a barin siminti a ƙarƙashi. Inda ya yi tsayi sosai akan zuba yashi ko ɓarɓashin katako mai zurfin santimita 30 zuwa 40. Har tazarar da ke tsakanin ƙarafa ana aunawa, a guji faɗin santimita 9 zuwa 23, domin a nan ne jikin yaro ke wucewa kansa ya maƙale. Kowace shekara kuma sai ƙwararre ya zo ya duba komai.

To ku dubi abin da muke kafawa a harabar makarantun rainonmu da na Islamiyya. Mai makaranta ya kira mai walda ya haɗa lilo ɗaya da abin zamiya na ƙarfe wanda rana ke gasawa, a dasa su a kan siminti, sannan a saki ɗan shekara biyu da ɗan shekara goma su yi rububi a kai. In yaro ya fasa kai sai a ce ƙaddara, alhali a Legas yashi ba abin nema ba ne, kuma mai waldan nan zai iya bin awo da an ba shi.

Duk da haka filin nan na Jamusawa kan ba ni tausayi. Da hunturu ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufa, sai ka ga yaro ɗaya tilo a kan lilo, uwarsa na duba waya. A layinmu yaro ba ya rasa yayye da za su koya masa langa ko carafke, su ne kuma ke cewa ƙane ya jira sai ya girma. Sai dai yayye ba za su tare siminti ba, don haka ina roƙon iyayen da ke cikin kwamitocin makarantu su sa a raba wa ƙanana wurinsu, a kuma zuba yashi kafin sabon zango.