Gidan manoman da ya sauke ni a Marsiyak lokacin bikin kiɗan jaz

Duk mutumin Sakkwato da ke da niyyar zuwa bikin Jazz in Marciac, ya fara da neman wurin kwana kafin ya yi maganar tikitin jirgi. Garin Marsiyak, wanda ke gundumar Gers a kudu maso yammacin Faransa, mutanensa ba su kai 1,500 ba, amma daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta dubban baƙi ke cika shi. Otal ɗin garin ba su da yawa, su ma tun da wuri ake kama ɗakunansu. Ƙanena da ke karatu a birnin Tulus na Faransa shi ya samo mana ɗaki a gidan wasu manoma, mata da miji, a bayan gari, tun watanni kafin bikin. Game da wannan gida nake son yin magana, domin shi ya sa tafiyar ta yi mini daɗi.

Irin waɗannan gidaje suna da dokarsu a Faransa. Mai gida yana zaune a ciki da iyalinsa, ba a yarda ya ba da hayar fiye da ɗaki 5 ba, baƙi kada su wuce 15, kuma karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki. Wasu kan ƙara da abincin dare, a ci tare da masu gida a tebur guda. Namu yana yin haka idan ka faɗa tun da safe.

Amfaninsu na farko na gan shi tun ina gida. Neman bizar Shengen, wato ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, a Abuja yana buƙatar shaidar inda za ka sauka, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, ga kuɗin biza Yuro 90. Matar gidan ta aiko da takardar kama ɗaki mai ɗauke da sunana daidai yadda yake a fasfo, da ranakun zuwa da tafiya, ba tare da mun yi ta bin ta ba. Daga nan sai hanya: filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, Abuja zuwa Paris, sannan jirgin ƙasa zuwa garin Tarb. Marsiyak ba shi da tashar jirgin ƙasa. Maigidan da kansa ya zo Tarb ya ɗauke mu, tafiyar kusan kilomita 40 cikin gonakin masara da na furen da ake matse mai daga irinsa.

Abinci shi ne abin da na fi fargaba, kuma nan ne suka fi burge ni. Yankin Gers ƙasar agwagwa ce. Da kitsenta suke soya dankali, naman alade yana shiga miya ba tare da an ambata ba, giya ma takan shiga tukunya. Daren farko Madam ta zauna da takarda da biro, ta ce wa ƙanena ya tambaye ni abin da nake ci da wanda ba na ci. Na yi bayani, ya fassara, ta rubuta. Da ta ji cewa ko agwagwar ma sai an yanka ta yadda addini ya tanada, ba ta ɓata rai ba, ba ta kuma tsaya gardama ba. Ta ware kasko guda ta ce wannan namu ne. Ta riƙa yi mana kifi, ƙwai, wake fari da tumatir, da miyar ganye da man zaitun. Da ƙanena ya kawo naman halal daga Tulus, ta gasa shi a wancan kaskon, na ba ta yajin da na zo da shi ta barbaɗa, mijinta ya ɗanɗana har da hawaye, ya kuma ƙara. Af, kada kowa ya yi wahalar ɗaukar kilishi: dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama ko madara a cikin kayan matafiyi daga ƙasashenmu.

Karin kumallo burodi ne mai zafi, man shanu, zuma, 'ya'yan itace daga lambunsu, da kofi ko shayi. Wanda ya saba da koko da ƙosai zai ji cikinsa bai ɗauka ba, sai ya nemi a ƙara masa ƙwai.

Ɗakin tsaf yake, zanin gado fari fes. Babu na'urar sanyaya ɗaki, fanka ma sai da na roƙa, alhali rana tana dukan yankin sosai a Agusta. Dabararsu ita ce bango mai kauri da rufe tagogin katako tun hantsi, a buɗe su da dare. Ta yi aiki, ban yi gumi ba.

Sallah kuwa tana son tsari. A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma ƙarfe 9 ɗin ne ake fara babban wasa a cikin tantin da ke ɗaukar mutum wajen 6,000. Ni dai na yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi, na haɗa Magariba da Isha'i in mun dawo. Maigidan ya lura da inda nake shimfiɗa dardumata a gefen lambu, daga ranar ya riƙa ɗaure karensa a bayan rumbu ba tare da na ce masa komai ba. Wannan ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Ranar Juma'a ya mayar da mu Tarb muka samu jam'i a masallaci.

Bikin kansa an fara shi a 1978, kuma manyan makaɗa irin su Dizzy Gillespie, Ray Charles da Ahmad Jamal duk sun hau dandalinsa. Mai busa ƙaho Wynton Marsalis har mutum-mutuminsa aka kafa a garin. Amma ni na fi jin daɗin wasan rana da ake yi kyauta a dandalin tsakiyar gari, wanda aka zana tun kafa garin a 1298, rumfuna sun kewaye shi. Wanda ya tashi yana jin makaɗan kotso da taushi a fadar Sakkwato ba zai ji baƙunta ba: ɗaya ya ja, saura su amsa, mai ganga ya ɗaure su duka. Akwai kuma zauren L'Astrada mai kujeru 500 ga mai son sauraro cikin natsuwa. Madam tana cikin 'yan sa-kai masu nuna wa mutane kujerunsu, don haka kullum da safe ta san wasan da ya kamata a je da wuri.

Inda gidan ya gaza, nisa ne. Ana tashi daga tanti bayan tsakar dare, tasi ba ya samuwa, hanyar babu fitila. Sun ara mana kekuna biyu, sai dai ɗaya fitilarsa ba ta aiki, kuma da na yi magana an ɗauki kwanaki kafin a gyara. Ƙanena ya yi ta cewa, "Yaya, bi bayana a hankali," ina riƙe da waya ina haska kwalta. Intanet ɗin gidan ba ya kaiwa ɗakinmu sai an fito falo, wanda ya sa kiran iyali a gida ya zama aiki. Banɗaki babu buta, na saya gorar ruwa na yanke. Kuma ba sa karɓar kati, sai tsabar kuɗi, abin da ba su faɗa ba sai ranar biya.

Duk da haka zan sake sauka a wurinsu, kuma na riga na gaya wa Madam cewa in Allah Ya kai mu zan zo da maiɗakina. Mai niyya ya nemi gida irin wannan tun wajen Janairu, ya tambayi nisansa da tanti, ya rubuta musu maganar abinci kafin ya biya kuɗin kama ɗaki, ya kuma sa ƙaramar tocila da rigar sanyi a jaka, don in dare ya raba iskar can takan yi sanyi.