Akwatin Batman na 4K, 1989 zuwa 1997: hoton ya fito, sautin asali ya ɓace

Kamfanin Warner ya fitar da wannan akwati a 2019, shekara talatin bayan fitowar fim ɗin Batman na farko da darakta Tim Burton ya yi. Faifai takwas ne a ciki, huɗu na 4K da huɗu na Blu-ray. Fina-finan su ne Batman na 1989 da Batman Returns na 1992, inda Michael Keaton ya sa rigar, sai Batman Forever na 1995 da Val Kilmer, da Batman & Robin na 1997 da George Clooney. Burton ne ya ba da umarnin biyun farko, Joel Schumacher kuma biyun ƙarshe. Kowanne ya ɗan haura awa biyu.

Kafin a saya, a duba na'ura. Faifan 4K ba ya tashi a na'urar Blu-ray ta da, kuma na'urar wasan bidiyo ta PS4 Pro ma ba ta karanta shi. PS5 mai ramin faifai da Xbox Series X suna yi. Ana buƙatar wayar HDMI mai ɗaukar 18Gbps da talabijin mai HDR10, wato tsarin HDR da ke faɗaɗa bambancin haske da duhu a hoto. Fina-finan Burton duhu ne da su sosai, don haka talabijin mai raunin haske takan haɗiye rigar Batman cikin baƙin bango har a kasa bambance kafaɗa da inuwa. Maganin shi ne a rage hasken ɗaki, a zaɓi yanayin sinima, a kashe abin da ke santsar da motsi da wanda ke goge ɗigo-ɗigon hoto. Ɗigon nan na fim ɗin asali ne, idan aka goge shi fuskoki sukan koma kamar roba.

Idan an daidaita, birnin Gotham da Anton Furst ya zana, wanda ya ci masa Oscar, yana fitowa da cikakken kwarjininsa: ƙarafa, hayaƙi, jiƙaƙƙen titi, da rigar Joker, mugun fim ɗin, mai launin shunayya. An ɗan karkatar da launin fim ɗin 1989 zuwa shuɗi fiye da yadda yake a tsofaffin faifai, kuma mai dogon sani zai lura. Batman Returns ne ya fi cin riba a duk akwatin, domin farin ƙanƙara da baƙar rigar Catwoman sun ba HDR aikin yi.

Tsabtar hoton kuma tana tona asiri. Ana ganin inda aka haɗa zanen bango da gini na gaske, ana gane ƙananan samfuran jirgin Batman, har da wurin da aka hango shi daga sama a farkon fim ɗin 1989, wanda zanen hannu ne mai motsi. A nan ne matasa da suka tashi da fina-finan Christopher Nolan na 2005 zuwa 2012 suke fara ƙorafi. Sukan ce Batman ɗin Keaton ba ya iya juya wuya, gaskiya ne kuwa, domin hular robar haɗe take da kafaɗa, dole ya juya duk ƙirjinsa. Sai a fim ɗin 2008 aka raba hular da rigar. Sukan ce yana kisa ba tare da damuwa ba, kuma an mai da Joker makashin iyayen Bruce Wayne, wato Batman kansa, alhali a littattafan zane Joe Chill ne. Duk waɗannan haka suke. Amma auna fim ɗin Burton da mudun Nolan kuskure ne. Burton bai yi niyyar nuna birnin da za a iya samu a duniya ba, tatsuniya mai duhu ya gina, kuma taurin wuyan nan ya ba Keaton wata tsayuwa mai ban tsoro da 'yan baya ba su samu ba.

Su ma manyan da ke kare Keaton a yau suna mantawa da cewa lokacin da aka sanar da ɗaukarsa a 1988, dubban wasiƙun ƙin amincewa masoya suka aika wa Warner. Ganinsa suke ɗan wasan barkwanci, suna tsoron a koma salon Adam West na talabijin, 1966 zuwa 1968. Abin da suka ji wa tsoro kuwa ya zo a 1997, ta hannun Schumacher. Wannan fim ɗin ya sha suka har Clooney da Schumacher suka nemi afuwar masoya, kuma sai bayan shekara takwas aka sake ganin Batman na 'yan wasa, ba na zane ba, a sinima. Yanzu akwai matasa da suke kallonsa da idon wasa suna jin daɗinsa, kamar yadda ake kallon na West. A ra'ayina labarin har yanzu ba shi da ƙashi, amma fitilunsa masu ja da kore da shuɗi sun fi na kowane fim a akwatin haskawa a 4K. Wuraren da aka yi da kwamfuta ne kawai suke dushewa, domin an yi su da ƙaramin ƙarfin hoto na wancan zamani.

Babban aibin akwatin yana wajen sauti. An sake haɗa shi a tsarin Dolby Atmos mai zagaye mai kallo da sauti, kuma kiɗan Danny Elfman ya buɗe, ya cika ɗaki. Sai dai a fim ɗin 1989 an canza wasu ƙararraki, musamman na harbin bindiga, aka sa sababbi, kuma ba a saka haɗin asali a matsayin zaɓi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya kalli fim ɗin a zamaninsa zai ji baƙon abu a kunnensa, matashi kuma zai yanke hukunci a kan abin da ba shi aka ji a 1989 ba. Wurin ajiye sauti guda ɗaya bai gagari faifan 4K ba, don haka babu uzuri. Mai tsohon DVD ko Blu-ray na farko kada ya rabu da shi. Wanda kuma yake ratsa sauti ta talabijin zuwa lasifika, sai da mahaɗin HDMI mai eARC zai samu cikakken Atmos, ARC na da ba ya ɗauka.

Ƙarin kayan kallo tsofaffi ne, na fitowar 2005, kuma suna kan faifan Blu-ray, amma tarihin yadda aka yi fina-finan da sharhin daraktoci biyun sun cancanci a zauna musu. Mai son na Burton kaɗai zai iya sayen biyun daban. Mai son ya ga yadda jarumi ɗaya ya canza kama cikin shekara takwas, ya ɗauki akwatin gaba ɗaya.